Daga Man Shanu Zuwa Rilaksa: Tarihin Gashin Matan Tarauni da Gyadi-Gyadi

Muna godiya ga Allah da ya sake nuna mana zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu. Waɗanda aka fara zubin farko da su, yau babu su, Allah ya jiƙan su, ya sa aljanna ce makomarsu.

A irin wannan takarda an saba kawo lissafin zubi da rance da riba, kuma ma'aji za ta kawo shi a nata shafin. Mu abin da muka ɗauko shi ne tarihin abin da ke ƙarƙashin ɗankwali. Wata za ta ce, haba, gashi ma har tarihi gare shi? Ai kuwa yana da shi. Ku dube mu da kyau. A cikinmu akwai makitsiya, akwai mai salun, akwai mai sayar da man kaɗanya da sabulun salo, akwai mai teburin shamfu da rilaksa a Kasuwar Tarauni. Wadda ba ta sayarwa kuwa tana saye, daga cikin 'yar ribar da ta sha rana ta samu. Idan gashi ya bushe ya dinga karyewa, asarar kuɗi ce, wani lokaci har da ta lafiya. Shi ya sa muka zauna da manyanmu muka tambaye su yadda ake yi a da, muka haɗa da abin da muka karanta, don mu gane inda aka fito da inda za a dosa.

Zamanin man shanu da karkashi

Lokacin kakanninmu, Gyadi-Gyadi da Tarauni da Darmanawa bayan ganuwa suke, gonaki sun fi gidaje yawa. Amma gyaran kai a ƙasar Kano ya girmi kakannin namu ma. Wani Bature matafiyi mai suna Hugh Clapperton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, kuma cikin abubuwan da ya rubuta har da yadda ya ga matan garin suna rina gashinsu da shuni. Ba abin mamaki ba ne a garin da marinar Ƙofar Mata take. Shunin da ke rina turkuɗi shi ne ke sa kan mace ya yi baƙi yana ɗaukar ido.

Manyanmu sun lissafa mana kitson da suka tashi suka tarar: doka, wadda ake tayarwa a tsakiyar ka kamar tudu, da zane, da shuku, da kalaba, ga zanko na 'yan mata ƙanana. Ranar kitso yini guda ce. Da safe a yi tsifa. A jiƙa karkashi har ya yi yauƙi, ko a daka ganyen magarya har ya yi kumfa, a wanke kai da shi. Mai hali ta haɗa da sabulun salo. Kafin gashin ya gama bushewa sai a bi shi da man shanun da aka saya wurin Fulani masu tallar nono, wanda aka narka da kanumfari don a kashe ƙarninsa. Wadda ba ta da man shanu ta sa man kaɗanya ko alayyadi. Daga nan makitsiya ta ɗauki kibiya ta fara tsaga. Idan aka gama, an gama ke nan, babu mai ƙara taɓa gashin sai bayan mako 2 ko 3.

Ku riƙe wannan jerin, don za mu dawo kansa: ruwa da farko, mai a bayansa, sannan a kitse a ƙyale shi ya huta.

Ba za mu ce komai na wancan zamani daɗi ne ba. Akwai ƙwarƙwata, akwai makero a kan yara, ruwa ma sai an sha tafiya. Akwai makitsiya mai zafin hannu da za ta ja kai har yarinya ta kwana ba ta runtsa ba. Amma gashin kansa yana nan yadda Allah ya halicce shi, da taurinsa da ƙarfinsa.

Inda rilaksa ta fito

Rilaksa ba a nan aka haife ta ba. Asalinta Amurka, a wurin baƙaƙen fata jikokin waɗanda aka kwashe daga Afirka aka kai bauta. Bayan an hana bauta a 1865, sun zauna cikin mutanen da ke raina gashi irin namu, har ta kai samun aiki ma yakan fi sauƙi ga mai miƙaƙƙen gashi. Da farko matajin ƙarfe ake ɗorawa a wuta a taje kai da shi.

A nan ne wata mata ta yi suna, wadda ya kamata kowace 'yar ƙungiya ta san labarinta. Sunanta Madam C. J. Walker, an haife ta a 1867, ta rasu a 1919. Wankau take yi, gashinta kuma yana zuba. Ta haɗa man shafawa a fatar kai, ta dinga bi gida-gida tana talla, ta koya wa dubban mata sana'ar, ta haɗa su ƙungiya-ƙungiya, har suka yi babban taro a 1917. Ta mutu tana cikin baƙaƙen mata mafiya arziki a ƙasar. Abin lura, ita koyarwarta ta fi ba da muhimmanci ga tsabtar fatar kai da shafa mai.

Maganin miƙar da gashi na sinadari kuwa, ana danganta farkonsa ga wani mai gyaran keken ɗinki, Garrett Morgan, a birnin Cleveland. Yana neman ruwan da zai hana allura ƙona yadi, sai ya lura ruwan yana miƙar da gashin ulu. A 1913 ya kafa kamfanin sayar da shi. A 1954 George Johnson ya buɗe nasa kamfanin a Chicago, ya fara da na maza, bayan 'yan shekaru ya fito da Ultra Sheen na mata. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Carson ya fito da Dark and Lovely irin wadda ake cewa marar soda, mai zuwa a kwali, wadda mace za ta iya haɗawa a gida. Wannan kwalin ne ya buɗe mata ƙofar ɗakunan mata a duniya.

Yadda ta shigo unguwarmu

Manyanmu sun ce a Sabon Gari suka fara ganin salun da diraya. A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, a 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, kaya daga waje suka cika kantuna. Malaman makaranta mata da ma'aikatan jinya da matan manyan ma'aikata su ne suka fara. Sauran mata suna gani a gidan biki idan an cire ɗankwali, a taɓa a ji santsi, a tambaya a ina aka yi.

Talabijin ta ƙara wa abin wuta. Finafinan Indiya suka shigo har tsakar gida, kowace jaruma da gashi yana reto. Littattafan soyayya da suka yi tashe daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda da yawanmu da su muka goge karatunmu, da wuya ki ga tauraruwar labari wadda gashinta bai sauka gadon baya ba. Daga 1990 finafinan Hausa suka biyo baya. Ga kuma abin da muka gada tun da, na yabon gashin Fulani da na Shuwa. Da yake malamai sun hana ƙarin gashi, sai mata da yawa suka ga rilaksa ce hanyar da ta rage musu ta samun tsawo da laushi da nasu gashin na kansu. Akwai kuma dalilin da ba na ado ba: tsifa da taje gashi mai tauri azaba ce, uwa mai 'ya'ya mata 4 ko 5 ta san haka.

A daidai wannan lokaci unguwarmu take cika. A 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, ma'aikata da ɗalibai suka yawaita. A 1996 Tarauni ta zama ƙaramar hukuma mai hedikwata a Unguwa Uku, ƙidayar 2006 kuma ta nuna mun haura mutum 220,000. Daga titin Kotu zuwa titin Gidan Zu, salun ya bi lungu-lungu. Wasu ma a ɗakin zaure ko a tsakar gida suke, da bokiti da madubi da diraya ɗaya. Mata da yawa sun riƙe gida da wannan sana'a, sun biya kuɗin makaranta, sun aurar da 'ya'ya. Wannan alheri ne da ba za a manta ba.

Sai dai tsadar rayuwa ta shigo tsakani. Kafin tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, naira 1 tana gogayya da dala 1. Zuwa 1994 dala 1 ta koma wajen naira 22 a farashin gwamnati, a bayan fage kuma ta fi haka nesa. Kwalin da ake shigowa da shi ya gagari talaka. Sai aka koma sayen babbar roba ana ɗiba ana sayarwa awo-awo a ƙullin leda, babu suna, babu takarda, babu ranar lalacewa, babu shamfun da ke kashe kaifinta. Wata ma da sabulun wanki ake wanke mata. A waɗannan shekaru ne ƙunar fatar kai ta zama ruwan dare, har aka ɗauka idan bai yi zafi ba bai kama ba. Da yawa daga cikin iyayenmu masu cinyayyen goshi, daga nan abin ya samo asali. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, kuma daga 2001 da Dora Akunyili ta karɓi ragamarta ne 'yan kasuwa irinmu suka fara duba lamba a jikin kaya da gaske.

Abin da karatu ya buɗe mana

A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano. Da yawanmu da girmanmu, da goyo a baya, muka zauna a ajin yaƙi da jahilci. Cikin amfanin da muka samu har da wannan ɗan ƙarami: iya karanta takardar da ke cikin kwali, ko a ce 'yarki ta karanta ki gane lambobin. A nan aka ga abin da aka daɗe ana tsallakewa. Akwai mintocin da aka ƙayyade, yawanci ba su wuce 15 zuwa 20 ba. An ce a sa safar hannu. An ce kada ta taɓa fata. An ce kada a sa a kan da ke da ciwo ko wanda aka sosa.

Masu yin sabulu a cikinmu su suka fi saurin ganewa. Rilaksa mai ƙarfi, babban sinadarinta ita ce sodar nan da muke jiƙawa mu haɗa sabulu, wadda kowa ta san idan ta ɗiga a hannu sai ta ci fata. Masana suna da ma'aunin kaifi daga 0 zuwa 14. Ruwa yana kan 7, gashi da fatar kai suna wajen 5, rilaksa kuwa tana tsakanin 12 da 14. Ku tuna yadda kanwa ke sa wake mai tauri ya nuna da wuri, ya yi luguf. Haka rilaksa ke yi wa gashi, sai dai ta fi kanwa kaifi nesa ba kusa ba. A cikin kowane silin gashi akwai wasu ƙulle-ƙulle da ke riƙe da nannaɗewarsa, su ne kuma ƙarfinsa. Rilaksa tana tsinka su, gashi ya miƙe. Abin da aka tsinka ba ya komawa. Bayan haka ɓawon da ke lulluɓe da silin, mai kama da ɓawon kifi, yana buɗewa, don haka ruwa yana shiga da sauri ya fita da sauri. Shi ya sa gashin rilaksa kullum cikin ƙishirwa yake.

Wadda ake cewa marar soda ma ba ruwan sanyi ba ce. Ta fi sauƙi a fata, amma tana barin wani farin sinadari a jikin gashi wanda ke ƙara masa bushewa. Ta yara mai hoton 'yan mata a kwali ita ma danginsu ɗaya.

Me ya sa namu ya fi karyewa

An ƙera rilaksa a ƙasar da iskarta ba irin tamu ba ce. A Kano, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturu kan sauke laimar iska ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali a watan Agusta takan haura kashi 70. Iskar da ke fasa mana leɓe da diddige ita ce ke tsotse gashi. Daga hunturu kuma sai zafin bazara da gumi.

Na biyu, mu masu rufe kai ne, kuma rufin nan kariya ce daga rana da ƙura. Amma ɗankwalin atamfa da hular auduga suna shanye danshi, suna gogar gaban goshi, musamman idan an ɗaure tamau. Ga wanka da ke jiƙa kai a kai a kai. Idan aka rufe gashi da jiƙonsa aka fita kasuwa, sai wari da ƙaiƙayi da amosani su biyo baya, kuma jiƙaƙƙen gashi ya fi saurin tsinkewa.

Na uku shi ne haɗa rilaksa da matsattsen kitso. Wata likitar fata a Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, ta yi bincike a birnin Cape Town wajen 2007, ta gano kusan mace 1 cikin 3 da aka duba tana da cinyewar gashin gefe da goshi saboda ja, kuma haɗarin ya fi yawa idan gashin da ake ja ɗin mai rilaksa ne. Ku dubi yadda ake gyaran amarya a yau: rilaksa da rini da diraya da ƙananan kitso, duk a mako ɗaya. Ranar biki kai ya yi kyau. Bayan wata 2 amarya tana share gashinta a tsakar ɗaki.

Abin da shekaru suka koyar

Idan aka tattara abin da masu salun na cikinmu suka gani a shekara 30 da abin da likitocin fata ke faɗa, sai a ga an dawo kan jerin nan na kakanni.

Mai ba shi ne danshi ba. Ruwa ne danshi, mai kuwa murfi ne da ke hana shi gudu. Wadda ta lafta basilin ko man kaɗanya a busasshen gashi ta rufe tukunyar da babu komai a ciki. A fara fesa ruwa kaɗan, ko man gashi mai ruwa-ruwa wanda ruwa ne farko a jerin abin da aka haɗa shi da shi, sannan a murza ɗan man kaɗanya ko na kwakwa ko zaitun a tafin hannu a bi, a fi ba bakin gashi muhimmanci, don shi ne mafi tsufa. Da hunturu a yi haka kullum ko bayan kwana 2. Da damina a rage.

Wanki sau ɗaya a mako, ko a kwana 10, da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Sabulun wanki da na soda ba na kai ba ne. Duk wanki a bi da kwandishana. Sau 2 a wata a yi sitimin: a shafa, a rufe da leda minti 20 zuwa 30, a ɗauraye. Ba dole sai an shiga diraya ba. Yauƙin karkashi yana warware cuɗewa ba tare da an ja ba. A taje da mataji mai manyan haƙora, a fara daga baki a gangaro zuwa tushe. A bar kai ya sha iska ya bushe kafin a rufe. A sa hula ko ƙyalle mai santsi irin na siliki a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, da kuma lokacin kwanciya.

Maganar ƙari ita ce babba. Gashi yana tsirowa wajen santimita 1 a wata. Wadda ke sa rilaksa duk wata, babu sabon tohon da ya isa, don haka tsohon gashin take sake dafawa. A jira mako 8 zuwa 12, a sa a sabon toho kaɗai. Mahaɗar sabon toho da tsohon gashi ita ce wuri mafi rauni, nan yake karyewa, sai a lallaɓa ta. Kafin a sa, a daina sosa kai na 'yan kwanaki, a shafa basilin a fata da kunne da ƙeya. Idan ya fara zafi a wanke nan take, ba jarumta ba ce a daure. A wanke da shamfun da aka yi don kashe kaifinta, sau 2 ko 3, har sai ta fita tas. Rini da lalle da kitso su jira aƙalla mako 2, kitson kuma ya zama sakwa-sakwa. Kitson da ya hana ki sujada cikin natsuwa ko ya fito miki da ƙuraje a goshi, a tsefe shi. Bakin da ya tsage babu man da ke ɗinke shi, sai almakashi.

A kuma bambance karyewa da zubewa. Guntaye-guntaye a kafaɗa da mataji, karyewa ce, gyaranta a hannunki yake. Dogon sili mai ɗan farin kai a tushe, zubewa ce, kuma 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Bayan haihuwa da wata 2 zuwa 4 yakan ƙaru, ya kuma tsaya da kansa. Ƙarancin jini ma yana sa gashi zuba. Amma idan wani wuri ya yi fili yana sheƙi, ko tsakiyar ka tana raguwa, ko akwai ciwon da ya ƙi warkewa, a tafi wurin likitan fata da wuri, ga asibitin Malam nan kusa da mu. Saiwar da ta mutu ta zama tabo ba ta sake toho.

Komawa gida

Daga wajen shekarun 2010, da wayar hannu ta shiga hannun kowa, sai ga 'ya'yanmu suna nuna mana matan Amurka da Ingila da Legas suna aske gashin rilaksa suna komawa na asali. Sai ga garin cebe na matan Cadi da man karkar sun zama abin nema. Masu sayar da su a cikinmu sun san yadda matan Cadi ke yi: su jiƙa gashi, su shafa haɗin da mai, su kitse, su ƙyale. Jerin kakanninmu ne sak. Abin dariya ma, ganyen da ake sakawa a leda mai kyau ana kira ambunu, ana sayarwa da tsada har ƙasashen waje, karkashin miyarmu ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A watan Oktoban 2022 kuma wani labari ya fito da ya sa mata da yawa suka yi shiru. Cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta bi mata 33,497 na kusan shekara 11. Ta gano masu yawan amfani da kayan miƙar da gashi, wato fiye da sau 4 a shekara, sun ninka waɗanda ba sa amfani da su haɗarin kamuwa da ciwon dajin mahaifa. A lissafinsu, zuwa shekara 70 da haihuwa, wajen kashi 4 cikin 100 ne a masu yawan sawa, ƙasa da kashi 2 a marasa sawa. Su kansu masu binciken sun ce ciwon ba mai yawa ba ne, kuma alaƙa suka gani, ana buƙatar ƙarin bincike. Ba mun kawo wannan don tayar da hankali ba ne. Amma ya ƙara wa maganar tazara nauyi, da maganar kare fata daga ƙuna, don ta fatar da ta ƙone abu ya fi saurin shiga jiki.

Ta ɓangaren kasuwa ma akwai abin lura. Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen 'ya'yan kaɗanya, musamman jihohin Neja da Kwara da Kebbi, kuma mata ne ke tsinta. An daɗe ana fitar da su ɗanye, a sarrafa a waje, a dawo mana da su a kwalba da tsada. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen na wata 6 don a riƙa sarrafawa a gida. Duniya ta gane darajar abin da ke cikin ƙoƙon kakanninmu.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu zo mu ce kowa ta bar rilaksa ba. A cikinmu akwai mai yi, akwai wadda ta bari, akwai wadda ba ta taɓa yi ba, kuma duk tsintsiya ɗaya muke. Kan kowace nata ne. Amma tunda mu ne masu sayarwa, mu ne masu shafawa, mu ne kuma iyaye, akwai amana a wuyanmu. Ga abin da muke roƙon babban taro ya duba.

Kada 'yar ƙungiya ta sayar da rilaksar awo, ko wadda ba ta da lambar NAFDAC, ko wadda kwananta ya ƙare. Araha ba ta ado, kuma ribar da za ta bar tabo a kan 'yar maƙwabciya ba riba ba ce. Masu salun su ajiye agogo a gabansu, su kuma iya cewa mai zuwa, Hajiya, kanki bai isa ƙari ba, ki dawo bayan wata ɗaya. Kuɗin yau zai wuce, amma ta zama taki har abada. Mu haɗa kuɗi mu saro man kaɗanya mai kyau daga hannun matan da ke yin sa, mu raba a farashin sari, masu sayarwa su samu, masu shafawa su samu. Kuma mu ƙyale kan yara. Fatar yarinya 'yar shekara 5 ko 6 ba ta kai ta ɗauki soda ba saboda kitson Sallah. A jiƙa da ruwa, a sa karkashi da mai, a raba gida-gida a taje a hankali. Idan ta girma ta zaɓa da kanta.

Ku kuma iyayen gida da za ku karanta wannan, idan an ce a kawo kuɗin man kai, kada a ce almubazzaranci ne. Ɗan kuɗin kwandishana da man kaɗanya ya fi kuɗin asibiti sauƙi. 'Yan matanmu, ku zauna kusa da kakanninku ranar tsifa ku yi tambaya tun suna nan.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a zubinmu da sana'o'inmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya nuna mana ta baɗi da rai da imani. Amin.